Yadda Ake Zaɓar Taswirar Intanet da Hoton Sama Gwargwadon Aikin da Ake Son Yi

Mutum yakan buɗe taswira a wayarsa, ya juya ta zuwa hoton sama, ya hango rufin gini da bishiyoyi da layin titi, sai hankalinsa ya kwanta cewa ga wurin nan yadda yake a yau. Alhali kuwa abin da ke kan allon tarin hotuna ne da kamfanoni daban-daban suka ɗauka a lokuta daban-daban, wasu daga tauraron ɗan adam, wasu daga jirgin sama, aka daidaita launinsu, aka harhaɗa su har ba a ganin inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Wani yanki yana iya zama na watannin baya kaɗan, na kusa da shi kuma ya shekara uku ko fiye. Wanda ya gane haka zai daina tambayar wace taswira ce ta fi kowace kyau, ya koma tambayar wadda za ta biya masa buƙata a ainihin wurin da yake son dubawa, da kuma ko an yarje masa ya yi amfani da ita yadda ya yi niyya. Matakan da ke tafe an jera su ne domin a kai ga wannan amsa kafin a ɓata lokaci ko kuɗi.

Mataki na farko: ka fayyace abin da kake nema

Kafin ka buɗe kowace manhaja, rubuta buƙatarka a jimla guda. Mai son ya isa wani wuri da mota buƙatarsa hanya ce da labarin cunkoso, hoton sama bai dame shi ba. Mai son ya san ko an yi gini a wani fili buƙatarsa hoto mai kaifi ne, kuma sabo. Mai bibiyar yadda ruwan tafki yake ja da baya, ko yadda shuka take yin kore a babbar gona, ya fi buƙatar hoton da ake maimaita ɗaukarsa akai-akai, ko da kuwa ba shi da kaifi sosai. Mai son auna faɗin wuri yana buƙatar daidaito, mai son saka taswira a littafi ko shafin intanet kuma izini ne babbar matsalarsa. Waɗannan buƙatu biyar ba su cika haɗuwa a manhaja guda ba, kuma mafi yawan takaicin da mutane ke sha ya samo asali ne daga neman abu a inda ba a tanade shi ba.

Mataki na biyu: ka bambance ire-iren abin da ake nuna maka

Taswirar zane ita ce mai layukan tituna da sunaye da alamun asibiti da makaranta da tasha. Mutane ne ko na'ura suka zana ta daga bayanai, saboda haka kuskurenta na suna ne, ko titin da aka manta, ko wurin da aka rufe tuntuni amma yana nan a kanta.

Hoton tauraron ɗan adam daga ɗaruruwan kilomita a sama ake ɗaukarsa, kuma shi ne ya mamaye mafi yawan duniya. Hoton jirgin sama kuwa daga ƙasa da gajimare ake ɗauka, shi ya sa ya fi kaifi, amma tsadar tashin jirgi ta sa ba a cika yinsa ba sai a manyan birane da ƙasashen da hukumominsu ke ɗaukar nauyinsa. Yana da kyau a san cewa maɓallin da ke cewa hoton tauraro ne a manhajoji da yawa, idan aka zuƙo shi a kan babban birni, sau da dama hoton jirgi yake nunawa. Hoton jirgin ma iri biyu ne: wanda aka ɗauka a miƙe daga sama, mai nuna rufi kawai, da wanda aka ɗauka a karkace, mai nuna bango da ƙofa da yawan benaye. Bing Maps na kamfanin Microsoft ya yi suna da wannan na karkace a biranen da ya tanadar musu shi.

Sai hoton bakin titi, wanda mota mai kyamara ke ɗauka tana tafiya. Google ya fara Street View a 2007, Apple ya fito da Look Around a 2019, akwai kuma Mapillary, inda jama'a ke ɗora hotunan da suka ɗauka da kansu, wanda Facebook ya saya a 2020. Na ƙarshe shi ne hoton rada, irin na tauraron Sentinel-1, wanda ke ratsa gajimare kuma yana aiki dare da rana. Ba ya kama da hoton da ido ya saba da shi, karanta shi sai da koyo, amma idan ambaliya ta zo da hadari ya rufe sama kwana da kwanaki, shi kaɗai ne ke nuna inda ruwa ya kai.

Mataki na uku: ka san manyan masu wannan hidima da inda ƙarfin kowanne yake

Google Maps ya fito a 2005, kuma ƙarfinsa yana wajen neman adireshi, shaguna, lokutan buɗewa da cunkoson hanya. Google Earth, wanda ya samo asali daga manhajar kamfanin Keyhole da Google ya saya a 2004, shi ne na duba hoto da nutsuwa: yana nuna kwanan watan hoto, yana da tsofaffin hotuna, yana da kayan awo, kuma nau'insa na kwamfuta, Google Earth Pro, ya zama kyauta tun 2015. Mutane da yawa suna tsayawa a Google Maps domin aikin da Google Earth ne ya dace da shi, wannan kuma asara ce babba, tunda duka biyun ba a biyan komai kafin a duba su.

OpenStreetMap, wanda Steve Coast ya kafa a Ingila a 2004, taswira ce da masu sa kai ke zanawa, kuma kowa yana iya sauke ainihin bayananta. Ingancinta ya danganta da himmar masu zanen yankin: akwai wuraren da ta fi kowace taswira cika, har da hanyoyin ƙafa da rijiyoyi da gadoji ƙanana, akwai kuma inda take kusan fayau. Bayan girgizar ƙasar Haiti a 2010 masu sa kai suka zana birnin Port-au-Prince a kanta cikin kwanaki, daga nan ƙungiyoyin agaji suka riƙe ta hannu bibbiyu. Ba ta da hoton sama nata na kanta.

Kamfanin taswira na Esri yana da tarin hotuna mai suna World Imagery, tare da rumbun Wayback da ke ajiye tsofaffin nau'o'insa tun daga 2014. Apple Maps, wanda ya fito a 2012, ya fi dacewa da masu na'urorin Apple. HERE WeGo ya ƙware a tuƙi, Waze kuma, wanda Google ya saya a 2013, ya dogara ne da rahoton da direbobi ke bayarwa suna kan hanya.

Akwai ƙasashen da manhajojin cikin gida suka fi na waje nesa ba kusa ba. A Sin doka ta tilasta amfani da wani tsarin lambobin wuri da ke gusar da matsayi, shi ya sa a taswirorin waje titi da hotonsa kan saɓa da ɗaruruwan mita, kuma Amap da Baidu ne abin dogaro a can. A Koriya ta Kudu Naver da Kakao ake riƙe da su, a Rasha kuma Yandex. Mai shirin tafiya ya binciki wannan tun kafin ya tashi.

Mataki na huɗu: ka auna kaifin hoton da girman abin da kake son gani

Kowane hoto ƙananan ɗigogi ne suka haɗu suka yi shi, kuma kaifinsa yana nufin faɗin ƙasar da ɗigo ɗaya ya wakilta. Idan aka ce hoto na mita 10 ne, to kowane ɗigo fili ne mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10, an dunƙule duk abin da ke cikinsa ya zama launi guda. Kadada ɗaya a irin wannan hoto ɗigo 100 ce kacal. Domin a gane abu, ba a hango alamarsa kawai ba, sai ya mamaye ɗigogi da dama a tsawo da faɗi. A ɗauki ƙaramar mota mai tsawon kimanin mita huɗu da rabi. A hoton santimita 30 tana cin ɗigo 15 a tsawo, ana ganin siffarta sarai. A hoton mita 3 ɗigo ɗaya ce ko biyu, ba a iya rantsewa mota ce. A hoton mita 10 kuwa ta ɓace gaba ɗaya.

Ga yadda hotunan da aka fi samu suke a wannan ma'auni. Shirin Landsat na Amurka, wanda ya fara a 1972 kuma aka buɗe rumbunsa kyauta a 2008, hotonsa na yanzu na mita 30 ne. Sentinel-2 na shirin Copernicus na Tarayyar Turai, wanda aka harba tauraronsa na farko a 2015, yana ba da mita 10, shi ma kyauta. Ƙananan taurarin kamfanin Planet suna ba da kimanin mita 3. Taurarin kasuwanci mafi kaifi, irin su WorldView-3 da aka harba a 2014 da Pléiades Neo na Airbus, suna kaiwa kimanin santimita 30. Hoton jirgin sama a birane yakan sauka zuwa santimita 15 ko ƙasa da haka, jirgi maras matuƙi kuma yana iya ba da santimita biyu ko uku.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne kaifi da yawan maimaici ba su cika tafiya tare ba. Tauraron da ke ɗaukar hoto mai kaifin gaske siririn yanki yake kamawa a kowane zagaye, kuma sai an karkata shi zuwa wurin da aka ba da oda. Wanda ke share faffadan yanki kuwa yana dawowa akai-akai amma ɗigonsa babba ne. Saboda haka mai duba daji, ko tafki, ko gona mai faɗin kadada da yawa, bai kamata ya raina hoton mita 10 ba. A ganina ma shi ne ya fi yi masa amfani, domin Sentinel-2 yana ɗaukar haske iri 13, ciki har da wanda ido ba ya gani, wanda ganye mai lafiya ke mayarwa da ƙarfi, kuma da shi ake lissafin ƙarfin shuka a gano inda ta fara galabaita. Hoton da ke cikin manhajojin taswira na yau da kullum launin ido kawai yake da shi, ba a iya wannan lissafi da shi.

Akwai tarko guda a nan. Zuƙo hoto ba ya ƙara masa kaifi. Idan ka ci gaba da zuƙowa ka ga gefen gini ya fara narkewa, ka kai iyakar abin da kyamara ta ɗauka, duk abin da ya biyo baya faɗaɗawa ce kawai.

Mataki na biyar: ka gano ranar da aka ɗauki hoton

Wannan mataki shi ne aka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi jawo yanke hukunci a kan kuskure. Shekarar da ake rubutawa a ƙasan allo kusa da alamar haƙƙin mallaka shekarar haƙƙin ce, ba lallai ta zama shekarar ɗaukar hoton ba. A Google Earth, idan ka zuƙo sosai, ranar ɗaukar hoton takan bayyana a ƙasan allo, kuma tana canzawa yayin da kake matsawa daga yanki zuwa yanki. A Google Earth Pro akwai alamar agogo a sama, wadda idan ka danna ta za ta fito da wani layi da kake ja baya ka ga duk hotunan wurin da aka ajiye. A Wayback na Esri kana iya danna wuri ka ga ranar ɗauka da tushen hoton da kaifinsa. A Street View ma ana nuna wata da shekara, kuma inda motar ta bi fiye da sau ɗaya ana iya komawa na baya.

Ka lura da cewa hoton da manhaja ke fara nuna maka ba koyaushe ne mafi sabo ba. Sau da yawa wanda ya fi tsabta ake zaɓa, wanda babu gajimare ko hazo a cikinsa, sai ka tarar akwai sabo a cikin jerin tsofaffin. Wannan zaɓi na hoto mai tsabta yana da wata illa da ba a cika lura da ita ba: a yankunan da ake samun damina mai hadari, yawancin hotunan na rani ne. Fili zai fito a bushe, rafi ya zama yashi, hanya ta yi kyau, alhali da damina ruwa ne ke kwanciya a wurin. Duk wanda ke duba fili domin gini ko noma ya kamata ya nemi hotunan lokuta biyu na shekara, kuma ya ja baya shekaru da dama yana neman alamar kwanciyar ruwa, da zaizayar ƙasa, da tsohon rami da aka cike.

Idan sabon hoto kake so ba tare da biya ba, shafin intanet na Copernicus Browser ne wurin zuwa. Taurarin Sentinel-2 suna komawa kan wuri guda kusan kowane kwana 5, kuma kana iya zaɓar rana, ka kuma ƙayyade yawan gajimaren da za ka lamunta. Landsat 8 da Landsat 9 kowanne yana dawowa bayan kwana 16, idan aka haɗa su kwana 8 ke nan, ana samun hotunansu a EarthExplorer na hukumar binciken ƙasa ta Amurka. Wanda ke son ganin yadda birni ya faɗaɗa ko daji ya ragu cikin shekaru masu yawa ya duba Timelapse na Google Earth, wanda ya faro daga 1984. Dukan waɗannan taurari da hantsi suke wucewa, a kusan lokaci guda kullum, don haka ba za su nuna maka abin da ke faruwa da yamma ko da dare ba. Babu kuma wata manhajar taswira ta jama'a da ke nuna ƙasa kai tsaye a daidai lokacin da kake kallo, duk tallar da ta yi maka wannan alkawari ka guje ta.

Mataki na shida: ka gwada daidaiton wuri kafin ka yi awo

Hoto yana iya yin kaifi ƙwarai amma ya gusa daga ainihin matsayinsa da mita da dama. Dalili shi ne kyamara ba ta cika kallon ƙasa a miƙe ɗoɗar ba, ƙasar kuma ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, sai an yi wa hoton gyara da bayanan tudu da kwari kafin ya hau kan taswira daidai. A shimfiɗaɗɗen wuri gyaran yakan yi kyau, a kan tsaunuka kuskure yakan ƙaru. Haka kuma dogon gini yakan fito kamar ya jingina gefe guda, rufinsa ya kauce daga gindinsa, saboda haka mai awo ya bi gindin bango, kada ya bi bakin rufi.

Gwajin mai sauƙi ne. Zaɓi wata alama da ba ta motsi, kamar kusurwar gada ko mahaɗar tituna, ka ɗauki lambobin wurinta a manhajoji biyu ko uku, sannan ka ja tsofaffin hotuna ka ga ko alamar tana tsalle daga shekara zuwa shekara. Gwargwadon tsallen, gwargwadon shakkar da ya kamata ka yi wa awonka. Domin fassara lambobin, ka tuna cewa digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kimanin kilomita 111 ne, don haka a lambobin wuri, lamba ta biyar bayan ɗigon da ke bin digiri tana wakiltar kimanin mita ɗaya, ta huɗu kuma kimanin mita 11. Wayar hannu da kanta, a fili babu rufi, takan yi kuskuren mita biyar ko kusa da haka, tsakanin dogayen gine-gine kuma ya fi haka, saboda haka ita ma ba alƙali ba ce.

Yawancin taswirorin intanet suna shimfiɗa duniya ne da tsarin Web Mercator, wanda ke kumbura wurare yayin da ake nisa da tsakiyar duniya. Shi ya sa Girinlan ke fitowa kamar ta kai Afirka girma, alhali Afirka ta ninka ta kusan sau 14. A digiri 60 arewa ko kudu da layin tsakiyar duniya tsawo yana ninkuwa biyu, faɗin fili kuma huɗu. Kayan awon da ke cikin manyan manhajoji suna gyara wannan da kansu, amma wanda ya buga hoton a takarda ya sa rula, ko ya ɗora shi a wata manhaja ba tare da daidaita tsarin ba, zai samu lissafin banza. Awon taswira kuma a kwance yake, bai lissafa hawa da gangara ba.

A nan dole in ja kunne da gaske. Awon taswirar intanet na ƙiyasi ne, domin shiri da kwatance. Iyakar fili, rabon gado, rikicin maƙwabta, takardar mallaka, duk waɗannan aikin safiyo ne mai lasisi da kayan aikinsa, kuma a kan takardarsa hukuma ke dogara. Kuskuren mita biyu da ba ya komai ga matafiyi yana iya jefa katangar mutum cikin filin wani.

Mataki na bakwai: ka karanta sharuɗɗan amfani

Kallo kyauta ba ya nufin ɗauka kyauta. Da yawa daga cikin hotunan da ke cikin Google na kamfanonin da suka ɗauke su ne, kuma sharuɗɗan Google sun hana a goge sunan mai hoton, sun kuma hana a bi kan hoton ana zana sabuwar taswira ko a kwashi bayanai da yawa a ajiye. Wanda zai saka hoton a rahoto ko darasi ya bar rubutun mallakar a jikinsa yadda za a iya karantawa, wanda zai yi kasuwanci da shi kuma ya karanta ƙa'idojin da kyau tukuna.

OpenStreetMap yana ƙarƙashin lasisin ODbL tun 2012, wanda ya yarda a kwafa, a gyara, har a yi kasuwanci, bisa sharaɗin a ambaci masu gudummawar, kuma idan aka fitar da rumbun bayanan da aka gina a kansa a sake shi da irin wannan lasisi. Tun 2010 Microsoft ya yarda masu zanen OpenStreetMap su bi kan hotunan Bing. Hotunan Landsat da na Sentinel a buɗe suke ga kowa har da 'yan kasuwa, ambaton tushe ne abin da ake so. Saboda haka duk aikin da zai ƙare da bugawa, ko rabawa, ko gina manhaja, na fi ba da shawarar a fara shi daga buɗaɗɗun bayanai tun farko, domin sauya tushe bayan aiki ya yi nisa wahala ce mai yawa. Manhajar QGIS, wadda ita ma kyauta ce, tana buɗe dukan waɗannan bayanai a kwamfuta. Mai gina manhaja da zai jawo taswirar wani kamfani cikin tasa ya lissafa tun wuri yawan masu buɗewa, domin akasari da yawan buɗewar ake cajinsa.

Mataki na takwas: ka yi tanadin rashin sabis da kare sirrinka

Hoton sama ya fi taswirar zane cin data nesa ba kusa ba. Google Maps yana barin a sauke yanki domin tuƙi ba tare da intanet ba, amma taswirar zane ce ke sauka, ba hoton sama ba, kuma babu labarin cunkoso. OsmAnd da Organic Maps, waɗanda aka gina a kan OpenStreetMap, suna sauke ƙasa ko lardi sukutum. Gano matsayi ta GPS ba ya buƙatar intanet, taswirar da za a ɗora matsayin a kai ce ke buƙata. Game da sirri kuwa, ka shiga saitin manhajar ka ga ko tana ajiye tarihin wuraren da ka je, ka kashe idan ba ka so. Google yana dusashe fuskoki da lambobin mota a Street View, kuma mai gida yana iya neman a dusashe gidansa, sai dai idan an yi ba a mayarwa.

Mataki na tara: ka yi gwaji a wurin da ka sani, sannan ka yanke shawarar biya

Sharhin da wani ya yi a wata ƙasa ba zai gaya maka yadda manhaja take a yankin da kake so ba. Zaɓi wurare uku da ka sani ciki da waje: ɗaya a tsakiyar birni, ɗaya a gefen gari inda ake sababbin gine-gine, ɗaya a karkara. Buɗe kowanne a manhajoji uku, ka rubuta ranar hoton, da ƙaramin abin da ka iya ganewa, da ko sunayen tituna daidai ne, da ko sabon ginin da ka san an yi ya fito. Sau da yawa sakamakon yakan nuna cewa wadda ta yi fice a birni ba ita ce ta yi fice a karkara ba, kuma amfani da biyu ko uku tare, kowace a fanninta, shi ne abin da masu wannan aiki suka saba yi.

Idan bayan gwajin babu hoton kyauta da ya haɗa kaifi da sabunta yadda kake so, to lokacin biya ya yi, kuma hanyoyi uku ne. Mafi sauƙin kuɗi ita ce sayen hoton da ke cikin rumbun kamfani, wanda aka riga aka ɗauka. Ta biyu ita ce ba da odar a karkata tauraro a ɗauko maka sabo, wadda ta fi tsada, kuma sai an jira sararin sama ya washe. A duka biyun da murabba'in kilomita ake lissafi, kuma akwai mafi ƙarancin faɗin da ake sayarwa, wanda yakan fi ƙaramin fili girma ƙwarai. Ta uku ita ce hayar jirgi maras matuƙi, wadda ta fi dacewa da wurin gini, ko ma'adinai, ko gona guda. A wannan sai ka tabbatar mai tuƙin yana da izinin hukumar jiragen sama ta ƙasar, kuma wurin ba ya cikin inda aka hana tashi, kamar kusa da filin jirgi ko sansanin soja. Idan awo za a yi da hoton, a sa safiyo ya kafa alamu a ƙasa ya auna matsayinsu kafin jirgin ya tashi, domin da su ake ɗaure hoton a ainihin wurinsa.

Ko wace hanya ka bi, ka sa a rubuta waɗannan a takardar yarjejeniya: iyakar yankin a fayil na KML ko makamancinsa, tsakanin ranakun da za a ɗauka, girman ɗigo, mafi yawan gajimaren da za ka karɓa, iyakar karkatar kyamara, ko an yi wa hoton gyaran tudu da kwari, da tsarin lambobin wurin da aka bi, wanda akasari WGS 84 ne. Ka nemi a ba ka shi a fayil na GeoTIFF, mai ɗauke da matsayinsa a cikinsa, domin hoton JPEG zalla ba ya hawa kan taswira da kansa. Sannan a fayyace mutum nawa ne lasisin ya yarda su yi amfani da hoton, da ko kana iya buga shi ko miƙa shi ga abokin aiki na waje. Kafin ka biya, ka nemi samfurin ƙaramin yanki daga ainihin wurin naka, ka ɗora shi a kan alamar da ka gwada a mataki na shida, ka ga ko ta zauna inda ya kamata.